Hular Zanzibar a Gonin Gora

Matuƙin jirgin ne ya yanke mana hutun. Da asubar Alhamis, bayan ya idar da salla a kan katako, ya daɗe yana kallon kudu, sannan ya ce iska ta fara sauya hali, duk mai son ya kama jirgin samansa ranar Asabar to yau za a juya. Babu wanda ya yi musu. Dukanmu baƙin ruwa ne: ni, da wani Bakenye, da wani ɗan Malawi. Taron aiki ne ya haɗa mu a Dar es Salaam a watan Yunin 2012, da aka tashi muka haɗa ragowar guzurinmu muka tsallaka Zanzibar, muka yi hayar jirgin katako a Nungwi, can ƙuryar arewacin tsibirin.

Ni mutumin Wusasa ne. Kafin wannan tafiya, ruwan da na sani bai wuce Kubanni ba, sai kogin Kaduna da nake hangowa daga kan gada. Sai ga ni cikin jirgin da iska ke ja, da wani ƙaton ƙyalle mai kusurwa uku ɗaure a jikin doguwar sanda. A bakin ruwan Nungwi na ga yadda ake ƙera irinsa: da gizago ake sassaƙa katakon, a huda shi da abin huda na hannu mai igiya, a cusa auduga jiƙe da mai a tsakanin alluna don kada ruwa ya shiga. Ba zane a takarda, ba ma'auni sai ido. Na ce a raina, wannan abu zan ba amanar raina? Na kuwa ba shi.

Komawar ta fi fitowar wuya. Iskar da suke kira kusi, wadda ke busowa daga kudu tun daga wajen Afrilu har Satumba, ita muke fuskanta, don haka ba a miƙe hanya, sai a yi gabas a yi yamma. Duk lokacin da za a juya sai yaran jirgi su sassauta igiya, su tayar da sandar tsaye, su kewaya da ita ta gaban jigo, ƙyallen yana ta fal-fal yana marin iska, jirgin ya yi tsit na ɗan lokaci yana lilo, kafin ya sake cika ya zabura. A irin wannan juyi ne igiyar ruwa ta haye mu, ta jiƙa jakata, ta kashe mini waya. Na yi dariya a lokacin. Na ce an huta da kiran ofis.

Muna wuce tsibirin Tumbatu, matuƙin ya nuna wani wuri can arewa da haɓarsa. Ya ce nan ne jirgin fasinja Spice Islander ya nutse, a daren 10 ga Satumban 2011, an danƙara masa mutane da kaya a hanyarsa ta zuwa Pemba. Ɗaruruwa suka mutu. Shi da masuntan Nungwi suna cikin waɗanda suka fita da safe suna tsamo mutane, masu rai da marasa rai, wasu rungume da katifa. Bakenyen ne ke fassara mana, da ya kai wani wuri sai ya daina. Yaron da ke dafa mana shinkafa da madarar kwakwa a kan gawayi ya ci gaba da fifita wutarsa. Ni kuwa na ƙanƙame gefen jirgi, ina addu'a Allah ya sa in taka ƙasa. A ganina a lokacin, duk haɗarin tafiyar nan yana cikin ruwan nan ne, in na fita shi ke nan.

Ranar Juma'a muka yi ta a tsohon garin Zanzibar, mai lunguna da ba sa ɗaukar mota da ƙofofin katako masu ƙusoshin tagulla. Ƙasa na ta lilo a ƙarƙashina, sai na riƙa dafa bango. Aka ce haka ruwa ke yi wa baƙo, zai sake ni bayan kwana biyu. Na je majami'ar Angilika ta Mkunazini, wadda aka gina a inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873. Mai yi mana bayani ya rage murya ya ce a ƙarshen watan Mayu, makonni kaɗan da suka wuce, an yi tarzoma bayan kama wani jagoran ƙungiyar Uamsho, har an ƙona coci. Na girgiza kai irin na wanda ya ga jiya. Na ce masa ni daga Kaduna nake, mun sha wannan a 2000, mun sha a 2002, mun sha a 2011, amma yanzu mun gaji, mun yi hankali. Haka na faɗa masa, da bakina.

A kasuwar Darajani na sayi kanumfari da kirfa na tsaraba, na sayi farar doguwar riga da hularsu mai ƙananan huji da aka yi wa aiki da zare. Ba don ado na sa su ranar tafiya ba. Duk kayana sun sha ruwan gishiri, sun yi tsami, sun ƙi bushewa. Rigar nan ita kaɗai ce mai tsabta.

Daga Zanzibar sai Nairobi, daga Nairobi sai Legas, na kwana a Ikeja. Da sassafen Lahadi, 17 ga wata, na hau jirgin Abuja. Ban taɓa shiga jirgi mai shiru irin wannan ba. Mako biyu ke nan cif da faɗuwar jirgin Dana a Iju-Ishaga, wanda ya taso daga Abuja da mutum 153, ba wanda ya fita. Matar da ke gefena ta riƙe carbi, na gabana yana karanta Zabura a hankali. Da tayoyi suka taɓa ƙasa aka ɓarke da tafi. Na ce to, ruwa ya wuce, sama ta wuce, saura gida.

“Alhaji, Kaduna ne?”

Wani saurayi ne, ba zai wuce shekara talatin ba, siriri, da tabon salla a goshi. Ban gyara masa ba. Bahaushe Kirista ya saba da wannan, in ka ce sai ka yi wa kowa bayani ba za ka yi komai a yini ba. Muka yi ciniki, ya sa jakata a but ɗin wata tsohuwar Golf. A hanya ya gaya mini ɗan Rigasa ne, motar ta wani maigidansa ce, yana biya da kaɗan-kaɗan, saura wata huɗu ta zama tasa. Sai da muka zo Madalla, na nuna masa cocin Katolika da aka sa wa bam ranar Kirsimetin 2011, na ce Allah ya jiƙan 'yan'uwanmu, sannan ya kalle ni ta madubi. Ya ce, “Yallaɓai, ashe kai…” Na ce ƙwarai. Ya yi dariya, ya ce wallahi Hausarka ta fi tawa. Na ce ai Bazazzage ne ni, kakana a birni aka haife shi.

Tafa, Jere, Katari. Damina ta kankama, masara ta yi kore shar, mata na sayar da doya a bakin titi. Yana jin kaset ɗin Shata, ni ina gyangyaɗi, kujerar na lilo da ni. Wajen Rijana wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce innalillahi, ya kashe kaset. An sa bam a coci a Zariya, Sabon Gari da Wusasa.

Wusasa. Mahaifiyata na can, ba ta fashin sujadar Lahadi ko da zazzaɓi. Na karɓi wayarsa na buga lambarta, ba ta shiga. Na buga ta ƙanwata, ba ta shiga. Ta matata, layi a cushe. Daga baya ne na san cocin ECWA aka kai wa harin a Wusasa, ba tamu ta St. Bartholomew ba, da babbar majami'ar Katolika ta Christ the King a Sabon Gari, kuma na uku ya tashi a cocin Shalom da ke Tirkaniya, cikin Kaduna, ɗan taƙi daga unguwarmu, Gonin Gora. Na ukun nan ba mu ji labarinsa a mota ba. Zariya kawai muka ji, Zariya kuwa tana can gaba da Kaduna da nisa. Hankalina duk yana kan tsohuwa. Motocin da ke tahowa ta ɗaya hannun suna ta kunna mana fitila, na gan su, amma ban karanta abin da suke faɗa ba. Shi direban ina jin ya karanta. Ya rage gudu a Kakau, ya ce, “Yallaɓai, anya?” Na ce gida ne fa, ga shi can, kowa ya san ni.

Wanda bai san Kaduna ba sai an yi masa bayani. Tun rikicin shari'a na Fabrairun 2000 garin ya rabe, kogi ya zama iyaka. Musulmi suka tattara arewa da Tudun Wada da Rigasa, Kirista suka gangaro Sabon Tasha, Television, Romi, Gonin Gora. Ni ma a Tudun Wada nake haya kafin nan, maigidan da nake zaune a gidansa ne ya fitar da mu da dare a motar ɗansa. Gonin Gora kuwa, tsohon ƙauyen Gbagyi ne a ƙaramar hukumar Chikun da ya cika ya batse da waɗanda suka gudo, kuma babban titin Abuja ya ratsa ta tsakiyarsa. Duk mai shiga Kaduna a mota daga Abuja, da mai wucewa Zariya, Kano ko Katsina, sai ya bi ta ƙofarmu.

Hayaƙin muka fara gani, baƙi ƙirin, na taya. Kafin ya taka birki ya nemi juyawa, motoci sun taru a bayanmu, ga shingen kankare a tsakiyar titi. Samari sun fito ta ko'ina, da sanduna, da adduna, da katakon da aka ciro daga rumfunan 'yan kasuwa, wasu ko kayan coci ba su cire ba. Na miƙa hannu na fizge carbin da ke rataye a madubi, na tura shi cikin ledar kanumfari. Hular da ke kaina kuwa na manta da ita sam.

Wani ya doki gilashin gaba, ya tsage. Aka buɗe ƙofa aka jawo ni. Ƙafafuna suka ƙi tsayawa, titin yana tafiya hagu da dama, har yau ban san ko teku ce ba ta sake ni ba ko tsoro ne. Warin taya da fetur, ga ƙamshin kanumfari ya fashe a jikina. Na faɗi sunana, na faɗi sunan cocinmu da layinmu. Wani mai jan ido ya ce ƙarya ne, dubi rigarsa, dubi hularsa. Ya ce in yi Addu'ar Ubangiji. Na fara, da Hausa, yadda mahaifiyata ta koya mini, yadda ake yin ta a Wusasa tun zamanin ɗan mishan Dokta Miller. Sai hakan ya ƙara tunzura shi. Ya ce ka ji ko, haddacewa ya yi, yi da Turanci! Ni da na yi shekaru ina koyar da yara a makarantar Lahadi, wallahi Turancin ya ɓace mini. Na buɗe baki, babu komai.

Muryar mace na ji. “Kai! Kai! Ku sake shi, Baban Ladi ne!” Matar da ke soya ƙosai a bakin layinmu ce, da ɗankwalin zumuntar mata a kanta. Ta kutsa tsakiyarsu tana ture su da gwiwar hannu, ta cire hular daga kaina ta cusa a zaninta. Ta dubi mai jan idon ta kira sunan uwarsa. Sai na ga fuskoki sun fara komawa na mutanen da na sani. Wannan ɗan mai gyaran janareta ne. Wancan yana buga ganga a ƙungiyar mawaƙa. Ɗaya ma ya ce, “Sannu da zuwa, Baba,” da adda a hannunsa.

Saura direba. Suna riƙe da wuyan rigarsa, jini na zuba daga girarsa, bai ce uffan ba, leɓensa kawai ke motsi. Na ce yarona ne, tare muke, shekara nawa yana yi mini tuƙi. Suka ce dubi goshinsa. Matar nan ba ta tsaya gardama ba. Ta kama hannunsa ta ja, ta ce duk wanda zai taɓa shi ya fara da ita, ta sa shi a gaba, ni a baya, muka faɗa lungu. Ba mu yi taku hamsin ba na ji fuuu, na waiga, Golf ɗin ce.

A waigen nan na ga wani abu kuma. Motar da ke bayanmu, an fito da wani dattijo mai farin gemu da shuɗiyar shadda, ya ɗaga hannu biyu yana magana. Idonmu ya haɗu. Ina jin ya ga farar rigata ya ɗauka nasa ne. Matar ta ce, “Baban Ladi, kada ka tsaya.” Ban tsaya ba. Ban san sunansa ba, ban san inda za shi ba, kuma ban taɓa gaya wa 'ya'yana wannan ɓangaren ba.

Gwamna Patrick Yakowa ya sa dokar hana fita ta awa 24 a ranar. Aka ɗan sassauta, rikici ya sake tashi a wasu unguwanni, aka mayar. Boko Haram ta ce ita ta kai hare-haren. Mutane da dama suka mutu, na coci da na kan titi, kuma da yawa daga cikin na kan titin matafiya ne da ba su ma ji abin da ya faru ba. Shugaba Jonathan ya tafi taro Brazil a cikin makon, da ya dawo ya sauke Janar Azazi daga mai ba shi shawara kan tsaro ya naɗa Sambo Dasuki. Mu dai muna cikin gida, labule a sauke. Sai dare na sami mahaifiyata a wayar matata. Lafiyarta ƙalau, ƙarar ce kawai ta girgiza musu tagogi. Tambayarta ta farko ita ce ko na ci abinci.

Direban a ɗakin yara muka sa shi. Matata ta wanke masa ciwon da ruwan gishiri, ta ɗaure. Da la'asar ta yi na ga yana ta duban bango, sai na gane. Na nuna masa gabas. Ba mu da buta, ta kawo masa kofin roba da sabon tawul ya shimfiɗa. A banɗaki yake alwala, a hankali, yana tare ruwan da hannu don kada maƙwabta su ji zubarsa, salla kuma ba ya ɗaga murya ko a magariba. Na zaro carbinsa daga leda na ba shi, ya shinshina, ya ce ya zama na 'yan gayu. Dariyarsa ke nan guda a gidan. Ƙaramar 'yata ta tambaye shi me ya sa yake sa goshi a ƙasa, uwarta ta daka mata tsawa, shi kuwa ya ce a bar ta, ya yi mata bayani. Da daddare ina jin sa yana waya da matarsa ƙasa-ƙasa, yana cewa yana gidan wani bawan Allah, kada ta faɗa wa kowa a wace unguwa. Can Rigasa ma, in ji shi, ana neman wanda za a rama a kansa.

Maƙwabta sun sani. Ba wanda ya zo, ba kuma wanda ya yi maganar, har yau. Yaron da ya ce mini sannu da zuwa ya ci gaba da zama a layi na uku a coci. Na sha shirya abin da zan faɗa masa, in mun haɗu sai mu gaisa kawai.

Da aka fara barin mutane su fita, wani soja ɗan cocinmu ya zo da motar aiki ya ɗauke shi kwance a baya, ya sauke shi a inda zai iya ƙarasawa da ƙafa. Na ba shi kuɗin da muka yi ciniki da ɗan abin da ya rage mini na tafiya. Ya karɓa, ya yi godiya, amma ni da shi mun san ko tayoyin motar ba zai saya ba. Daga baya muka yi karo-karo da wasu abokai muka rage masa bashin maigidansa. Bai koma tuƙin Abuja ba, Keke Napep yake ja yanzu a cikin gari. Yakan kira ni da Kirsimeti, ni ma in kira shi da Salla. Gidana dai bai sake takowa ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Matuƙin Nungwi ya yi gaskiya game da iskar. Wata guda bayan dawowata, ranar 18 ga Yuli, wani jirgin fasinja mai suna Skagit ya kife tsakanin Dar es Salaam da Zanzibar, a hanyar da muka bi. Yakowa kuma bai ga ƙarshen shekarar ba, shi da Azazi suka rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Bayelsa ranar 15 ga Disamba. Mai ƙosai ta dawo mini da hular bayan mako guda, a ninke cikin leda, da ɗan tabon mai a gefe. Ta ce in adana, amma kada in ƙara sa ta a kan titin nan.

An sha kiran a tashi Gonin Gora daga bakin hanya, duk lokacin da aka tare titi sai maganar ta dawo. Ina jin zafin masu faɗar haka, don na ga abin da suka gani. Sai dai unguwar da ta fito da masu adda ita ce ta fito da mai ƙosai, kuma ban ji an gurfanar da ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda na gani a ranar ba. Da an yi hakan tun 2000, da yaran nan sun san titin gwamnati ba nasu ba ne.

A 2016 aka buɗe jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna, matafiya da yawa suka huta da bi ta ƙofarmu. Tashar kuwa a Rigasa aka gina ta. Duk ranar da zan hau, tun kafin in shiga unguwar nake cire gicciyen da ke rataye a madubin motata in sa a aljihu.